Rumfar da na kafa a bakin tekun Jidda

Ni dai har na baro Katsina ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Jibiya ba, sai gashi wata huɗu da samun iƙama maigidana ya sa ni a mota muka yi arewa da Jidda, can wajen Zahaban, ya nuna min fili daf da teku yace istiraha yake so, wato gidan shaƙatawa, inda zai riƙa kawo iyali lokacin hutun makaranta, kuma ba ya son tayil da gilashi, itace da dutse kawai.

Kuskuren farko nawa ne. Na yi aiki da ƙusa da sakata irin wanda na saba, ko wata biyu ba a yi ba tsatsa ta zubo jikin katako kamar an watsa manja. Ashe iskar nan gishiri ce zalla. Raina ya ɓaci sosai wallahi, haka na zare su ɗaya bayan ɗaya na sa ƙarfen da ba ya tsatsa.

Wani dattijo Bahaushe haifaffen nan shi ya cece ni. Ranar Juma'a bayan la'asar ya kai ni Balad, tsohon garin Jidda da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, yace ɗana ɗaga kai ka duba. Gidaje ne na dutsen da ake haƙowa a bakin teku an ratsa itace a tsakani, ga tagogin katako masu huda-huda da suke cewa roshan, iska ta shiga rana ba ta shiga, na waje kuma ba ya ganin na ciki. A ƙofar gidan Nasif kuwa, wani sanannen tsohon gida a Balad ɗin, darbejiya na tarar, irin ta ƙofar gidanmu sak, na daɗe tsaye a gindinta.

Nace Baba ai wannan zaure ne da tsakar gida. Da na koma sai na juya rumfar ta fuskanci arewa tunda daga can iska ke zuwa, na rufa ta da ganyen dabino, majalisar maza da ƙofarta daban, mata da yara na ciki da katanga mai tsawo, murhun gasa kifi a waje, famfo a bakin ƙofa saboda yashin ƙafa. Ɗakunan kwana kam dole AC, don a watan Agusta ko a zaune kake riga sai ta jiƙe. Randa ma da na kawo ba ta sanyaya ruwa kamar a gida, danshi ya yi yawa.

Ranar da suka tare mahaifiyar maigida ta ƙi shiga ɗaki, a rumfa ta yi magariba da isha'i, ta aiko min da sayadiya, shinkafa da kifi. Na kira uwargida a bidiyo na nuna mata rufin, tace to saura tamu.