Abin da ɗumame ba ya gyarawa

Ina da ɗan ƙaramin kamfanin girki, muna dafa wa taro da ma'aikatan ofis abinci. Duk mai wannan sana'a ya san ciwon kwantai: ka zuba jarinka, a bar maka rabin tukunya, zuciya na raya maka gobe a ɗumama a sayar. Da na fara, ni ma haka nake yi. A ganina in dai ya sha wuta, magana ta ƙare.

Shinkafa ce ta koya mini hankali. Ta kwana a rufe cikin tukunya, da safe muka ɗumama ta sosai, ni da ma'aikata biyu muka ci. Ba a yi awa uku ba amai ya turnuƙe mu. Allah ya rufa asiri ba ta kai ga masu saye ba. Daga baya na gane akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda irinta ke cikin ɗanyar shinkafa, dahuwa kuma ba ta kashe shi. In abinci ya jima da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta saki guba. Wuta na iya kashe ƙwayar da ta farfaɗo, gubar kuwa ko gezau. Ga shi ba wari ba yauƙi, balle hanci ya yi maka gargaɗi.

Ashe tun wajen hucewa ake yin ɓarnar. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu cikin minti 20. Babbar tukunya kuwa makira ce, gefe ya yi sanyi, tsakiya na nan da ɗuminta awa da awanni. Shi ya sa yanzu da an gama rabo muke juye ragowar a faffaɗan tire, mu baza ta, ta shiga firji kafin awa 2, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da. Abin da ya wuce haka a waje, sai bola.

Ɗumame sau ɗaya muke yi, iya abin da za a ci. A juya, a soka ma'aunin zafi a tsakiya, ba a saukewa sai ya nuna 75. Shinkafa ba ta wuce kwana ɗaya a firjinmu.

Sabon ma'aikaci kan bi ni da kallo in ina zubar da abinci mai kyan gani. Ba na dogon bayani. Nakan miƙa masa alƙalami da takarda, in ce in an sauke tukunya ta gaba, ya rubuta lokacin ya manna a murfi.