Shekara biyar ɗin mijinki ba taki ba ce

Ƙannena da kuka shigo Birtaniya da bizar rakiya, wato kuna bin miji ko mata mai bizar ƙwararrun ma'aikata, ku zo mu yi lissafin da ni ban yi ba sai da ya ci ni. Izinin zama na dindindin, wanda kowa a nan yake kira ILR, mutum ɗaya ɗaya ake ba wa, ba gida ba. Kowa da ranar da lissafinsa ya fara, kowa da ranar da zai cika.

Maigidana ya riga ni zuwa da tazara mai ɗan yawa. Da shekarunsa biyar suka kusa cika, na tattara takarduna na haɗa da nasa, a zatona tunda bizata a jikin tasa take rataye, duk inda ya shiga zan bi. Ashe doka tana so mai rakiya ita ma ta cika shekara 5 a jere cikin ƙasar, a matsayin abokiyar zamansa. Shekarun da muka yi da aure a gida ba sa cikin lissafi, kuma nasa ba sa ƙara mini ko kwana ɗaya.

Idan haka ta same ki, kada ki yi gaggawar komawa bizar aure don kawai mijinki ya zama mazaunin dindindin. Mutane za su ba ki wannan shawara da zuciya ɗaya, amma bizar aure hanya ce daban mai nata shekara 5, kuma lokacin da kika yi da bizar rakiya ba ya bin ki can. Ga kuma sharaɗin kuɗin shiga, wanda ya koma fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki sabunta bizar rakiyarki. Doka ta yarda da haka ko bayan mijin ya samu ILR, har ma ko ya zama ɗan ƙasa, muddin kina kan wannan biza lokacin da ya samu. Shekara 3 ake ƙarawa, kuma lissafinki yana ci gaba daga inda yake.

Haka ma idan wajen aikinki suka ce za su ɗauki nauyin bizarki. Abin daɗin ji ne, amma ranar da kika koma biza taki ta kanki, shekara biyar ɗin sabuwa ce fil. Ban ce kada a karɓa ba. Wadda aikin mijinta yake tangal-tangal, ko zaman auren ba lafiya, tsayuwa da ƙafarta ya fi mata shekarun da za ta rasa, kuma ba zan taɓa ce mata ta haƙura saboda takarda ba. Amma ki san abin da kike saya da abin da kike sayarwa kafin ki sa hannu.

Inda na fi jin jiki shi ne maganar tafiye-tafiye. Ba a yarda mutum ya wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata 12 ba. Ku lura da kalmar "kowane". Ba daga Janairu zuwa Disamba ake ƙirgawa ba. Duk inda aka ɗora ma'aunin wata 12, ko daga Yuni zuwa Mayu ne, dole kwanakin kada su wuce wannan iyaka. Ni na tafi gida haihuwa a ƙarshen shekara, na zarce cikin sabuwa, ina ganin na raba kwanakin gida biyu. Wata babbar yaya da ta daɗe a ƙasar ta ce mini in kwantar da hankalina, wannan doka ta masu aiki ce, ba ta shafi matan gida ba. Ba ƙarya ta yi ba, a zamaninta haka abin yake. Sai dai masu rakiya da aka ba biza daga 11 ga Janairun 2018 sun shiga cikin dokar, ni kuma ina cikinsu. Lissafina ya tsinke, ya koma farko.

Akwai uzuri da ake dubawa, kamar ciwo mai barazana ga rai ko rasuwar makusanci, amma sai da shaida a rubuce: takardar asibiti, takardar rasuwa. Zama don hutawa a gaban iyaye, komai kyawunsa, ba ya cikin wannan.

Kuma ku sani, Birtaniya ba ta buga hatimi a fasfo idan za ka fita, alhali fom ɗin neman ILR zai tambaye ka ranakun tafiyarka. Na zauna da tsohon fasfo da sabo a kan tabarmar salla, ina karkata shafi wajen fitila don in gane ko hatimin da tawadarsa ta dusashe 3 ne ko 8, ina tono tsofaffin tikiti a imel. Ku buɗe ɗan littafi tun yau: ranar fita, ranar dawowa, dalili. Ranar tashi da ranar sauka ba a ƙirga su, cikakkun kwanakin da ke tsakani ne ake lissafawa.

Ana iya miƙa takardar nema kwana 28 kafin shekarun su cika. Wanda ya riga wannan lokaci za a iya ƙin takardarsa, kuɗin kuma ya tafi, kuma a 2025 kuɗin ya haura fam 3,000 ga kowane mutum. Idan bizarki za ta ƙare kafin lokacinki ya yi, ki sabunta kafin ranar ƙarewa, ko da za ki sake biyan harajin lafiya na fam 1,035 a shekara kina ƙorafi. Jarrabawar Life in the UK, wato ta sanin rayuwar Birtaniya da ake yi kafin neman ILR, tambaya 24 ce cikin minti 45, ana so ki ci 18, ga kuma shaidar iya Turanci. Mijinki ba zai rubuta miki ba, don haka kada ki bari sai watan ƙarshe.

Dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. A Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shirin mayar da shekara 5 zuwa 10 ga yawancin baƙi. Saboda haka duk shawarar da aka ba ki, har da tawa, ki tambayi mai ba ki a wace shekara ya yi nasa, sannan ki buɗe shafin gwamnati ki karanta dokar da ke aiki a ranar. Idan lamarinki ya cakuɗe, ki biya mai ba da shawara kan shige da fice wanda ke da rajista, ki tafi masa da fasfo da littafin tafiyarki.