Abin da ɗakin ƙarin ruwa ya koya mini game da ƙashin masu sankara

Da aka mayar da ni sashen masu sankara, na ɗauka cewa ƙarin ruwan zoledronic acid, wato maganin kare ƙashi daga zaizayewa, shi ne aiki mafi sauƙi a ɗakin, domin miligiram 4 ne kacal ake zubawa a ƙaramar ledar ruwa, a bar shi ya shiga jijiya cikin minti 15 ko fiye, sannan a sallami mai jinya sai bayan wata shida. Sai da na yi kuskure na gane cewa nauyin aikin yana cikin maganar da ake yi kafin a soka allura.

Yawancin waɗanda ake turo mana mata ne da haila ta ɗauke musu, an yi musu aikin sankarar mama, an kuma ɗora su kan ƙwayoyi irin su letrozole ko anastrozole na tsawon shekara biyar ko fiye. Ƙwayoyin suna rage sinadarin istirojin da sankarar ke dogara da shi, to amma wannan sinadarin shi ne kuma yake riƙe ƙarfin ƙashi, don haka ƙashin kan zaizaye a hankali ba tare da ciwo ba, har ranar da ƙugu ko gadon baya zai karye saboda faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba. Haka yake faruwa ga mazan da ake yi wa allurar danne sinadarin maza saboda sankarar furosteti, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Aikin ƙarin ruwan shi ne ya manne a ƙashi ya hana ƙwayoyin halittar da ke cinye shi yin ɓarna. A shekarar 2015 wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa ga matan da haila ta ɗauke, wannan rukunin magani yana kuma rage yiwuwar sankarar ta dawo a ƙashi.

Matsalar ita ce a wurinmu ƙarin ruwa na wanda ya galabaita ne, kuma macen da ta zo da ƙafarta tana jin garau ba ta ganin dalilin kashe kuɗin mota da na magani. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "'Yar nan, ni da ba na kwance, wane ruwa za a ƙara mini?" Na yi mata bayani a gurguje saboda layi ya yi tsawo, na manta ban faɗa mata cewa ruwan farko yakan kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi cikin kwana ɗaya zuwa uku ba, abin da farasitamol ke lafawa, kuma da wuya ya dawo da ƙarfi a karo na biyu. Da jikinta ya yi zafi, 'ya'yanta suka saya mata maganin zazzaɓin cizon sauro, daga baya gida ya yanke hukuncin cewa ruwan asibiti bai karɓe ta ba. Sai bayan shekara guda ta dawo. Laifin nawa ne, kuma tun daga ranar nake fara bayani da zancen zazzaɓin, a gaban wanda ya rako mai jinya, tare da gargaɗin cewa idan ya wuce kwana uku a zo a yi gwaji, domin sauro bai daina cizo ba don an ƙara wa mutum ruwa.

Gwajin ƙoda da na kalsiyam kafin kowane zuwa ba abin sassauci ba ne, ko da mai jinya ya koka da kuɗin, kuma nakan matsa a sha ruwa sosai, musamman a bazara ko lokacin azumi, inda mukan nemi likita ya matsar da ranar.

Haƙori ne ya fi ɗaukar mini lokaci. Tun 2003 aka fara ba da rahoton mutuwar ƙashin muƙamuƙi ga masu karɓar irin wannan magani, galibi bayan cire haƙori. Ba kasafai yake faruwa ga masu karɓa duk wata shida ba, amma idan ya faru yana da wuyar warkewa. Saboda haka ba na tambayar "Akwai ciwon haƙori?", domin amsar kullum "Babu" ce. Nakan ce, "Hajiya, da wane ɓangare kike tauna goro, kuma me ya hana ɗaya ɓangaren?" A nan ne ruɓaɓɓen turmi yake fitowa, sai mu tura ta wurin likitan haƙori a gyara, a jira dasashi ya warke, kafin in rubuta mata ranar ƙarin ruwa a katinta.