Barazanar gobe tana girma ne a dabar 'yan bindiga

A nan Abuja akwai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa, inda manyan hafsoshi ke nazarin irin yaƙin da Najeriya za ta iya fuskanta nan gaba, a Kuru kusa da Jos kuma akwai cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare da aka kafa a 1979. Ba na raina aikinsu, amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a shekarun nan bai fito daga rundunar wata ƙasa ba. Ya taso ne daga satar shanu, wadda aka daɗe ana ɗaukarta a matsayin laifin da bai wuce caji ofis ba.

A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a Zamfara, a watan Agusta aka kutsa Makarantar Horar da Hafsoshin Soji ta Kaduna, sannan a ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Sai a Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, lokacin da ruwa ya riga ya kai wuya.

A ganina, duk wanda zai tsara tsaron shekaru goma masu zuwa dole ne ya san yadda ɗan daba yake rayuwa. Da yawa suna shiga ne da ƙuruciya, wani saboda an kore shanun gidansu, wani saboda 'yan sa-kai sun kashe ɗan'uwansa, wani kuma kwaɗayi ne zalla. Yaro yakan fara da aike da gadin waɗanda aka sato, kafin kachalla, wato shugaban daba, ya yarda ya riƙa masa bindiga. Rayuwa ce ta rashin amana, domin jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a hannun wani ɗan bindigar, Dogo Giɗe, ya mutu a 2018. Halilu Sububu kuwa sojoji ne suka kashe shi a Satumbar 2024, amma mutuwar jagora ba ta cika rushe daba ba, sai dai yaransa su rabu, kowa ya kafa tasa.

Abin da ke riƙe da su kasuwanci ne. Idan iyali suka gama tattara kuɗin fansa, sau da yawa akan ce su haɗo da sabon babur, da katin waya, da buhun shinkafa. Akwai mai kai man fetur a jarka, da mai kai burodi, da infoma da ke zaune cikin gari yana nuna gidan da aka sayar da amfanin gona, ga kuma harajin da ake ɗora wa manoma kafin a bar su su yi girbi. Mafi yawan waɗannan mutane ba su taɓa riƙe bindiga ba, kuma jiragen Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka ba za su gano su daga sama ba. Gwamnatin Zamfara ta taɓo wannan jijiya a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, sai dai talakan ƙauye ya sha wuya matuƙa, 'yan bindigar kuma suka karkata zuwa jihohin maƙwabta.

Sace-sacen da aka yi a yankin Bwari na Abuja a Janairun 2024 sun nuna cewa babban birnin ma yana cikin lissafinsu. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake haifa a cikin dajin yanzu, waɗanda ba su san boko ko allo ba, ba su kuma san wata hukuma ba sai kachalla. Su ne sojan da ake ɗauka aiki a bana zai fuskanta idan ya kai saje mai igiya uku, saboda haka ya kamata makomarsu ta shiga kasafin tsaro tare da kuɗin jirage da harsasai.