Daga Hotoro zuwa Wudil a kan keke

Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, ranar da motocin shanu ke cika hanya tun da duku-duku, shi ya sa muka zaɓi Asabar. Bayan sallar asuba muka haɗu a gindin gadar Hotoro, kowa da hular kwano da gorar ruwa. Kimanin kilomita 40 ne a gabanmu, a kan titin da ya miƙe har Maiduguri.

Kafin a taka feda, jagoranmu, wani dattijo mai gyaran keke da duk muke kira Baba, ya raba mu ƙananan rukuni, ya ce a bar tazara mai yawa tsakanin kowane rukuni da na gabansa. Wani matashi ya ce ai tafiya a dunƙule ta fi ban sha'awa. Baba ya ce, "Yaro, direban tirela ba zai iya wuce dogon layi a tashi ɗaya ba. In ya ƙosa, tsakiyarku zai yanko. Ku bar masa gurbin da zai shiga ya numfasa."

A Mariri, wajen kasuwar goro, muka fara ganin amfanin tsarin. 'Yan adaidaita sahu na tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ga masu tura kura, ga masu tsallaka titi da kaya a ka. Nan babu zancen jerawa biyu-biyu ana hira. Layi ɗaya muka yi, a gefen dama. Wanda ke baya ba ya ganin kwalta, bayan ɗan'uwansa kawai yake gani, don haka na gaba shi ne idon kowa. In ya hango rami sai ya nuna shi da yatsa, ya ce "rami!", maganar ta bi layi har ƙarshe. In zai rage gudu, sai ya sauke tafin hannu ƙasa kafin ya taɓa birki. Na ƙarshe kuma kunnensa na baya, da ya ji ƙugin injin sai ya ɗaga murya, "mota!"

Abin da Baba ya fi tsana shi ne mutum ya kai tayarsa ta gaba gefen tayar bayan wanda yake bi. Da na gaba ya ɗan kauce wa dutse, sun goga, kuma kusan kullum na bayan ne ke shan ƙasa, ya kwashi masu biye da shi. A ganina wannan ya fi tifofin yashi haɗari, duk da cewa iskar da suke bugo mutum da ita in sun wuce ba wasa ba ce.

Da muka fita daga cunkoso sai gonaki suka buɗe. Muka riski wani manomi a kan tsohon kekensa, ya ɗaure buhu a baya. Ba a wuce irinsa kamar walƙiya. Kararrawa aka kaɗa tun daga nesa, aka ce "Sannu Baba, za mu wuce ta hagunka," muka bi ɗaya bayan ɗaya. Masu tahowa a keke ta hannun da ba nasu ba su ne suka fi ba mu wahala, kai ka ce ba tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a dama ba.

Tayar wani ta yi faci gab da gari. Rukuninsa duka suka sauka daga kwalta, suka koma ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya tsaya a bakin titi yana kallo. Sauranmu muka jira su kafin gada, muka haye kogin a layi ɗaya, sannan muka jingine kekuna muka nemi mai soyayyen kifi.