Tukunyar rana a gidan Inna

Wanda bai san Tawa ba sai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da wuya ya yarda idan aka ce masa muna fama da sanyi. Amma duk ɗan Adar ya san asubar Disamba da Janairu, sa'ad da ma'auni ke sauka wajen digiri 15, iskar gabas tana kaɗowa ta kan duwatsu, ruwan randa kuma ya zama abin da tsoho ke jin tsoron sa hannu a ciki. A gidanmu na ƙauye, can kan hanyar Keita, akwai Baba da gwiwoyinsa suka fara gajiya, akwai Inna, akwai ƙannena da matansu, ga yara masu sammakon lakkol. Kowa yana son ruwan ɗumi. Wadda ke samar da shi kuwa mace ce da ta tashi tun kafin ladan, ta tone toka, ta hura wuta da karan gero, hayaƙi na cika mata ido.

Mu maza ba mu cika lissafa wannan ba, don buta muke tararwa da ɗumi a bakin ƙofa. Ni da nake koyar da kimiyya a nan Tawa na zauna na yi lissafin. Kafin a ɗaga lita 20 na ruwa daga digiri 20 zuwa 60, ana buƙatar makamashin da ya kai kusan kilowat-awa ɗaya. Murhun duwatsu uku kuwa, abin da ke shiga tukunya daga zafinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran iska ce ke kwashewa. Ma'ana, bokiti guda na ruwan zafi yana cin kusan kilo 2 na busasshen itace. Gida mai mutum goma sha, a watannin sanyi, sai ka ƙirga da kanka. Kuma wannan itace ba a bayan gida yake ba. Ƴan mata ne ke tafiya mai nisa su ɗauko a ka, ko a saya daga masu amalanke, ko a ƙone karan da ya kamata a bari a gona ya tare iska, har da kashin shanun da gonar ke jira.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda inda muke. Tun 1984 aka fara aikin raya ƙasa na Keita tare da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jera duwatsu a kan tsaunuka, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka shuka miliyoyin itatuwa. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki, Inna na cikinsu, har yanzu tana nuna mana gangaren da suka yi wa aiki. A ce itacen da ta shuka da hannunta jikokinta ne za su sare don ɗumama ruwan alwala, alhali rana tana zuba a kan rufinmu kyauta, wannan ban iya haɗiye shi ba.

Haihuwar matar ƙanena ce ta sa muka daina magana muka yi aiki. Wankan jego kwana arba'in ne, safe da yamma, da babbar tukunya da ganyen darbejiya, kuma itacen wanka a wuyan miji yake. Na ga yadda ƙanena ya sayar da akuya don amalanken itace, kafin a yi arba'in tulin ya ƙare. Da muka haɗu a wajen suna, na kawo wa Yaya shawarar mu yi karo-karo mu huta da wannan hidima.

Hanyoyi uku ne a gabanmu kafin mu tsaya kan ta huɗu, wato na'urar ɗumama ruwa da zafin rana. Na'urar lantarki ba ta taso ba, don wayar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, ba ta iso ƙauyenmu ba, kuma ko mu na birni mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana. Iskar gaz tana da tsabta, muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011, amma tukunyar gaz sai an kawo ta gari a cika, kuma wadda za ta yi wata tana girki ba za ta kai ko'ina ba idan aka ɗora mata ruwan wankan gida guda. Yaya ya so mu ƙara pano, wato farantin da ke mayar da hasken rana lantarki, da batir mu sa ƙarfen ɗumama ruwa. Nan na ja da shi. Pano yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na hasken da ya faɗo masa zuwa lantarki, sai kuma ka sake mayar da lantarkin zafi, batir na shan wahala a tsakani. Abin da ke kama zafin rana kai tsaye ya zuba shi cikin ruwa yana riƙe fiye da rabi. Pano a bar shi ga fitila da cajin waya da famfon rijiya, wato aikin samar da lantarki, irin wanda tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 take yi tun 2018.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Nijar, kuma ina son ɗalibaina su riƙa sanin haka. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969. A Yamai suka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana, da na girki, da na tace ruwa, a lokacin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi abin ba. Ya rasu a 1991. Yau idan ka shiga kasuwa, yawancin abin da za ka gani daga Sin aka kawo shi, kuma mutane sun ɗauka kayan otal ne da gidajen manya. Ni a ganina ƙauye ya fi birni buƙatarsa, don a ƙauye ne ruwan zafi ke cin itace da bayan mace.

Yadda yake aiki ba shi da wuya. Tanki ne kwance a sama, an naɗe shi da abin da ke hana zafi fita, ga dogayen bututun gilashi sun gangaro daga cikinsa. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar yadda ake yi wa filas ɗin shayi, na cikin kuma an shafe shi da baƙi. Rana ta bugi baƙin, ruwan ciki ya yi zafi, ya yi sauƙi, ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta zagayawa har la'asar, babu inji, babu waya, babu batir. A ƙasarmu kowace murabba'in mita tana samun sama da kilowat-awa 5 na rana a yini, don haka tanki mai lita 150 da muka saya yana yin zafi sosai kafin magariba, kuma ya kwana da zafinsa.

Ba mu ɗora shi a kan ɗaki ba. Lita 150 kilo 150 ne, ban da nauyin ƙarfe, kuma rufin ƙasa da azara ba a yi shi don wannan ba, balle damina ta jiƙa shi. Mai walda ya yi mana ƙafafu na ƙarfe, muka kafa su da siminti a gefen banɗaki, muka fuskantar da gilasan kudu, inda inuwar bedin tsakar gida ba ta kaiwa. Ƙauyen yana da shato, wato babban tankin ruwa na gari, mai aiki da rana, sai muka ja tiyo daga can. Daga tanki zuwa pampon ruwan zafi muka gajarta hanya iya yinmu, muka naɗe tiyon, don doguwar hanya ruwa ke hucewa a cikinta. Inna ta tsaya tana kallon mai gyaran pampo yana zura gilasan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa musu ruwan sabulu a baki don su shige roba ba tare da sun tsage ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, kwalaben ga su za su dahwa ruwa? Awakinmu ma sun ishe su." Na ce, "Inna, ki ba su zuwa gobe." Maganar awaki gaskiya ce, a ranar muka kewaye wurin da waya. Washegari da ta tara buta, sai da ta sirka da na randa, kuma daga bakinta sunan tukunyar rana ya fito ya bi gidan.

Abin da mai sayarwa ba zai zauna ya koya maka ba shi ne lokacin cikawa, kuma a nan ne yawancin masu cewa abin ba ya aiki suke tuntuɓe. Idan aka ɗebi ruwa da yamma aka cika tankin da mai sanyi da dare, na asuba ya lalace. Idan kuma aka bar shi ya ƙafe har rana ta take, sannan aka sako ruwan sanyi, gilashin da ya yi zafi babu ruwa yana iya fashewa nan take. Don haka doka ɗaya ce a gidan, a cika da safe bayan an gama wanka, kafin hantsi, sannan a rufe pampon shigowa sai gobe. Matar ƙanena ce ke riƙe da wannan, kuma ba ta wasa da shi. Ƙura ma tana da nata. A lokacin hazo gilasan kan yi fari cikin kwana kaɗan, sai yaro ya bi su da tsumma mai laushi da sassafe, tun suna da sanyi. A saman tanki akwai ɗan bututun da tururi ke fita, kada kowa ya toshe shi don ya ga yana ɗiga, numfashin tankin ke nan. Ruwanmu kuma yana barin farin ɓawo a cikin butar shayi, ƙasarmu ta dutsen da ake yin siminti da shi ce, don haka sau ɗaya a shekara ake zare gilasan a wanke cikinsu da binegar.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yara. A Afrilu da Mayu, da babu mai neman ruwan zafi sosai, ruwan kan kai ga tafasa, kuma ruwa mai digiri 60 ma yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙa kaɗan. Mun ɗaga pampon sama da tsawon hannunsu, kuma da bazara ana rufe rabin gilasan da tabarma. Duk wanda zai sa wannan a gidansa, ya fara da wannan tunani kafin na kuɗi.

Ba zan ce wuta ta mutu a gidan ba. Ranar da hazo ya rufe rana gaba ɗaya, ko aka yini da hadari a Agusta, ruwan ɗumi kawai ake samu. Wankan jego ma tsofaffi ba su yarda a yi shi ba tare da an tafasa ganye ba, ni kuma ban ga dalilin jayayya da su ba. Sai dai yanzu da ruwa mai zafi ake fara ɗora tukunyar, a kan murhun nan mai rage cin itace da ake kira mai sauƙi, itace ƴan ƙwaya ya isa. Haka tuwo, haka wankin kwanukan maiƙo. Baba yana alwalar asuba ba tare da ya ta da kowa ba, kuma tsofaffin maƙwabta biyu suna aiko jikoki da buta, Inna ba ta taɓa mayar da su ba.

Kuɗin sayensa yana da nauyi, ba don mun haɗa hannu mu uku ba da ba mu iya ba, kuma na san gidaje da yawa ba su da ɗa mai albashi a birni. Amma akwai matakin da kowa zai iya. Bido ko ƙaramin tano a shafa masa baƙin fenti, a sa shi cikin akwatin katako da aka cusa wa buntu ko tsummoki a gefe, a rufe da gilashi ko farar leda mai kauri, a fuskantar da shi kudu. Zai ba da ruwan wankan yamma, idan aka lulluɓe shi da bargo da faɗuwar rana zai kai dare da ɗumi. Na wanka ne kawai, ba na sha ba. Na sa ɗalibaina sun haɗa irinsa a lakkol, sun auna da ma'auni da hannunsu.

Akwai kuma nau'i mai faranti, wato baƙin ƙarfe da bututu a cikin akwati mai gilashi, irin wanda ONERSOL ta riƙa yi. Bai kai mai bututun gilashi riƙe zafi ba, amma a ranarmu ya wadatar, ba ya saurin fashewa, kuma babu abin da ke cikinsa da masu waldar Tawa ba za su iya yanka su haɗa ba. Na fara zama da wanda ya yi mana ƙafafun, muna zana girman farantin da kaurin tankin. Idan ya yi kyau, ɗakin haihuwa na ƙauyenmu muke son kai wa na farko, don har yanzu ƴan rakiya ne ke zuwa da itacensu su hura wuta a bayan gini.