Makamar da ta yi kwantai

Jibi zan miƙa makullin ɗakin sabar, babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofisoshinmu, bayan shekara 6 ina shan sanyin ɗakin da zafin Oga a lokaci guda. Takardar miƙa aiki na riga na rubuta, shafi huɗu. Wannan kuwa ba ta ofis ba ce, ta abokan aiki ce, musamman waɗanda har yau in aka ambaci Juma'ar jarrabawa sai su dube ni ta wutsiyar ido.

Kun san yadda abin ya faro. Faifan da ke ɗauke da fayilolin ofishin jarrabawa ya soma ƙara, ƙas-ƙas ɗin nan da duk wanda ya daɗe a harkar ya san ma'anarta. Ran Laraba na sami Oga na ce, "Yallaɓai, ina neman awa biyu gobe da yamma, a sanar kowa ya rufe aikinsa in canza faifai." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce makon haɗa sakamako ne, ba wanda zai tsaya, in yi da dare yadda ba wanda zai ji labari. Na ce to. Da na san abin da na sani yanzu, da ban ce to ɗin nan ba.

Daren Alhamis na kwafe komai zuwa sabon faifai da rsync, manhajar kwafe fayiloli. Na duba sunaye, daidai. Girma, daidai. Izinin shiga, daidai. Na ɗora sabon a inda tsohon yake, da suna iri ɗaya, na tayar da NFS, tsarin da ke ba kwamfutocin ofisoshi damar buɗe fayilolin da ke kan sabar, na gwada da kwamfutata, komai ya buɗe. Na hau babur na tafi gida ina jin kaina gwani.

Ƙarfe goma da rabi na safe Hajiya ta ofishin jarrabawa ta kira ni. Kwamfutocinta uku sun ƙi adana komai, sai rubutu ɗaya suke fitarwa: Stale file handle. Abin da ya rikita ni shi ne sauran ofisoshi lafiya lau suke aiki, sabar ɗaya, faifai ɗaya. Sai daga baya na gane bambancin. Su sun kashe kwamfutocinsu da yamma sun kunna da safe. Ofishin Hajiya ne kaɗai ke da inbata, nasu a kunne suka kwana.

A lokacin ina ɗauka sabar da suna take gane fayil. Ashe ba haka ba ne. Sau ɗaya kwamfutar ma'aikaci ke tambaya da suna, sai sabar ta ba ta wasu ƴan lambobi, daga nan da su za a ci gaba da magana, karatu ne ko rubutu. Su ne handil, ni makama nake ce musu. Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya san irin wannan. Mai gadi ba ya tambayar sunanka, kati yake ba ka. Kai ba ruwanka da abin da ke jikin katin, ka dai riƙe, in ka dawo ka miƙa. Shi ne ya san layi kaza, gurbi kaza. Haka makama take: kwamfutar da ta karɓa ba ta fassara ta, ajiyewa take ta mayar. Amma a sabar Linux irin tamu abu uku ne a ciki. Akwai shaidar faifan da fayil yake kai, akwai lambar ainod, wato gurbin fayil ɗin a cikin faifan, sannan akwai lambar zubi, wadda ke canzawa duk lokacin da aka goge fayil aka ba wani sabo gurbinsa.

Suna ba ya ciki ko kaɗan. Shi ya sa za ka iya canza wa fayil suna wani yana tsakiyar aiki da shi, bai ma sani ba. Kuma shi ya sa abin da na yi ya zama ɓarna. Na kwafi sunaye da abin da ke ciki, amma sabon faifai shaidarsa daban, kuma kowane fayil ya sami sabon gurbi. Kwamfutocin Hajiya suna riƙe da katin jiya, suna miƙawa, sabar na cewa ban san wannan ba. Makamar ta yi kwantai.

Ba sakaci ba ne ya sa aka tsara shi haka. Da kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS a 1984, so suka yi sabar ta zama ba ta riƙe lissafin wa ya buɗe me. In wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfuta ta sake miƙa makamarta a ci gaba daga inda aka tsaya. Mu da ɗaukewar wuta ta zame mana ruwan sha mun ci moriyar wannan dabara sau ba adadi ba tare da mun gode ba. A zubi na 2 na NFS makamar bayit 32 ce cif. Zubi na 3, na 1995, ya ba da dama har 64, na 4 ya kai 128. Ta ƙara faɗi, amma sharaɗin bai canza ba: in kana so ta ci gaba da aiki, fayil ya zauna inda yake.

Duk wannan ban san shi ba a safiyar. Abin da na sani shi ne waɗanda suka kashe suka kunna ba su da matsala. Na tsaya a bakin ƙofar ofishin, ko ciki ban shiga ba, na ce, "Hajiya, a kashe a kunna, zai yi." Ta ce, "Ka tabbata, ɗana?" Na ce na tabbata.

Ban tambaya ko akwai abin da ba a adana ba. Tun ƙarfe bakwai yaranta ke shigar da maki cikin takardar lissafin da ta kwana a buɗe, makin ɗalibai sama da 300. Yana nan a ƙwaƙwalwar kwamfutocin, ba abin da ya same shi, hanyar sabar ce kawai ta toshe. Da na ce su adana a filasha, minti ɗaya ya isa. Aka kashe, aka kunna, fayil ya buɗe tsaf, da makin jiya. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce wa yaran su ɗauko takardun amsa a sake. Ranar ba wanda ya tashi a ofishin sai bayan isha'i. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Litinin a taro Oga ya ce na canza faifai ba da izininsa ba, na lalata fayilolin jarrabawa. Biyun duk ba gaskiya ba ne. Izini shi ya bayar, da baki, kuma ko fayil ɗaya bai lalace ba. Aka ba ni takardar tuhuma, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni a shekarar. Laifin kashe-kunna nawa ne, na ɗauka, na je har ofis na ba Hajiya haƙuri. Na awa biyun da aka hana ni kuwa har yau ba wanda ya ɗauka.

Wata guda na yi ina karatu da dare don haushi. A nan na gano da na kwafi faifan gaba ɗayansa da manhajar dd, tubali bayan tubali, da shaidarsa da gurabensa da lambobin zubi duk sun biyo, ba wanda zai ji ko motsi. Na kuma gano dabarar da ta zo mini a ranar, ta liƙa wa sabon faifai shaidar tsohon, ba za ta cece ni ba. Guraben sun riga sun sauya masu zama, lambar zubi ce za ta tare ƙofa. Tun daga nan na daina jin haushin saƙon nan. Sabar da ta ce ban san katin ba ta fi wadda za ta karɓa ta miƙa maka babur ɗin wani. Ku yi tunanin makin wani aji ya zube cikin fayil ɗin albashi.

Sauran shawarwarin ƙanana ne. Kowane layi a /etc/exports, fayil ɗin da ke lissafa abin da sabar ke rabawa, a ba shi fsid nasa, wato lambar shaidar faifai, kada biyu su yi tarayya a lamba ɗaya, kuma in sabar na amfani da NFS zubi na 4 a bar sifili, na tushe ne. Fayilolin nan masu farawa da .nfs ba datti ba ne, wani ne ya goge abin da yake buɗe a kwamfutarsa, a ƙyale su za su tafi da kansu. Izinin baki kuma a bi shi da saƙon waya, ko layi ɗaya ne.

Yaron da zai gaje ni na zaunar da shi jiya na nuna masa faifai na biyu, wanda shi ma ya soma ƙara tun watan jiya. Na rubuta wa Oga neman awa biyu sau uku, kwafin yana cikin durowar hagu. Har yanzu bai ba da amsa ba.